Huhun da ya koma hanta

Duk wanda ya tashi a gidan mahauta ya san huhu tun kafin ya gan shi a littafi. Ranar layya, idan Baba ya gama feɗe rago, mu yara ba tsoka muke jira ba. Sai ya yanko huhun haɗe da maƙogwaro ya miƙo mana, mu yi ta rige-rigen kafa baki muna hurawa. Kana hurawa sai ya tashi, ya yi haske, ya ninka girmansa. Kana saki ya sace ya kwanta. Inna tana madafi tana faɗa wai za mu kwashi cuta. In mun gaji sai mu jefa shi cikin bahon da ake wanke kayan ciki. Hanta nutsewa take yi, zuciya ma haka, ƙoda ma haka. Huhu kaɗai ke yawo a saman ruwa kamar ƙwaryar da aka manta.

Baba bai ɗauki huhu a bakin nama ba. Ya ce na marasa haƙori ne da marasa kuɗi, ka sayi tuli guda ka dafa ya tsuke ya bar ka da romo. Amma in ana maganar lafiyar dabba, shi yake fara dubawa. Ya sha ba mu labarin shanu masu ciwon huhu da yake gamuwa da su a kwata: ka buɗe ƙirji ka tarar da ruwa rawaya kwance, huhun ya manne da haƙarƙari, ka sa wuƙa ka ji tauri, ka yanka ka ga kamar hanta. Irin wannan in ka jefa a ruwa, ƙasa yake yi. Malamin dabbobi yana gani zai sa a ɗauke shi gefe.

Ni ban gaji fawa ba, yayyena biyu ne suka gaje ta. Karatu na yi na zama malamin bayoloji a sakandare, har Baba yake tsokanata da Ticha. Na shekara 11 ina zana huhu a allo, ɓangare 3 a dama, 2 a hagu saboda zuciya ta ci wuri, ina sa yara su haddace. Shi kuma da girma ya kama shi sai ya ajiye wuƙa ya riƙe ladancin masallacin unguwarmu. Allah ya ba shi ƙirji. In ya ja "Hayya alal falah" da numfashi ɗaya, yaran layi ƙirgawa suke yi, wani lokaci su kai 20 bai sauke ba. Ranar da babu wuta ba ya neman lasifika, hannu kawai yake kai wa kunne.

Mu Kanawa ba mu da bakin cewa ba mu ji labarin korona ba. A watan Afrilun 2020, daf da azumi da kuma cikinsa, dattawa suka yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, har masu haƙar kabari suka riga hukuma magana. Ranar 27 ga watan Shugaba Buhari ya ba da umarnin rufe Kano. Daga baya, a watan Yuni, ministan lafiya ya ce an ƙirga mutuwar mutum 979 a ƙananan hukumomi 8 na cikin birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 mai yiwuwa korona ce sanadinsu. Duk da haka yara suna waƙar babu korona a kan titi, manya suna cewa cutar masu hawa jirgi ce. Ni kaina, mai zanen huhu, a haɓa nake rataye takunkumina, in na hango jami'i in ja shi sama. Da shekara ta juya kuwa, mun ɗauka magana ta wuce.

A Janairun 2021 Baba ya kwanta. Yana da shekara 67, yana da hawan jini, da ɗan ciwon sukari da yake lallaɓawa. Lokacin hunturu ne, hazo ya rufe gari, kowa a masallaci tari yake yi. Zazzaɓi ya fara masa da ciwon jiki, aka kira mai kemis ya yi masa allurar maleriya ta kwana 3. Inna ta dafa tazargade, ta haɗa citta da lemon tsami da zuma, ta sa shi surace da ganyen darbejiya. Abu ɗaya ya tsaya mini a rai, shi ma sai daga baya na fassara shi: a rana ta 4 ya ture kwanon miyar kuka ya ce an manta da daddawa. Inna ta ce, "Malam, shekara 40 ina kaɗa maka miya, yau ne zan manta da daddawa?" Ashe hancin ne ya ɗauke. Turaren da ya shafa ma bai ji ƙamshinsa ba.

A rana ta 6 zazzaɓi ya sauka. Ya sha koko, ya zauna a zaure, 'yan dubiya suka yi ta barka. Muka ce alhamdulillahi, an rabu da bukar.

Wannan sauƙin shi ne tarkon. A mafi yawan mutane cutar a hanci da maƙogwaro take tsayawa, jiki ya ci ƙarfinta cikin mako guda. Ƙididdigar farko da hukumar yaƙi da cututtuka ta Sin ta fitar a Fabrairun 2020, daga mutum fiye da 44,000, ta nuna kashi 81 cikin 100 ciwonsu mai sauƙi ne, kashi 14 ya yi tsanani, kashi 5 suka kai gargara. Waɗanda abin zai yi wa tsanani, sau da yawa ba a makon farko yake nunawa ba. Sai a na biyu, lokacin da 'yan dubiya suka fara janyewa.

Ƙanwata nas ce, a wani gari take aiki. Sunan mahaifiyar Baba gare ta, don haka ba ya kama sunanta, Uwata yake ce mata. A rana ta 9 ta zo hutun ƙarshen mako, ta same shi zaune a kan buzu yana jan carbi. Ta durƙusa.

"Baba, ya jikin naku?"

"Da sauƙi, Uwata. Gajiya ce kawai ta rage."

Ni da ke tsaye ban ga komai ba. Ita kuwa ba fuskarsa take kallo ba, ƙirjinsa take kallo, tana satar duba agogon hannunta. Numfashi 32 ta ƙirga a minti ɗaya; na babba mai lafiya a zaune 12 zuwa 20 ne. Ta buɗe jaka ta ciro wata 'yar na'ura kamar maƙalin shanya ta maƙala masa a yatsa. Lamba ta yi rawa ta tsaya a 79. Ta cire, ta murza yatsan don sanyi, ta canza wani. 80. Ta maƙala a nata, 98. Ta ɗago ta dube ni, ta ce da murya ƙasa-ƙasa, "Yaya, nemo mota yanzu."

Baba ya ce ina za mu da shi ana shirin la'asar.

Na daɗe ina tunanin wannan zaman. Mutumin da iskar oksijin ta jininsa ta faɗi zuwa 79, alhali ta mai lafiya 95 ce zuwa sama, yana jan carbi yana cewa da sauƙi, kuma ba ƙarya yake yi ba. Abin da ke sa mutum ya ji an shaƙe shi, yawanci ba ƙarancin oksijin ba ne. Taruwar gurɓatacciyar iskar da jiki ke fitarwa ne, wato kabon dayoksaid. Ita ƙwaƙwalwa ta fi sa wa ido. Ita kuma tana ratsa bangon huhu cikin sauƙi, kusan ninki 20 a kan oksijin. To a farkon lalacewar, huhun yana iya buɗewa da rufewa, mutum ya ƙara saurin numfashi bai sani ba, gurɓatacciyar iskar ta yi ta fita abinta, ƙwaƙwalwa ta ga lissafinta daidai ta yi shiru. Oksijin kuwa yana can yana zurarewa. Sai ka haɗa wannan da halinmu. Bahaushe ko yana kan gargara, ka ce ya jiki, da sauƙi zai ce maka, kuma haka aka koya mana, tarbiyya ce. Dattijo kamar Baba, wanda ya taɓa ɗinke yankan wuƙa a tafin hannunsa ya koma bakin teburinsa a ranar, ba gajiya ce za ta sa ya nemi asibiti ba. Cuta mai shiru ta gamu da mutane masu dauriya.

Ƙanwata ta ƙara mini wani tashin hankalin a mota. Ta ce na'urar haske take harbawa ta cikin yatsa, kuma a kan fata mai duhu takan ƙara wa mutum maki. Wata guda kafin nan, a Disambar 2020, likitocin jami'ar Mishigan a Amurka sun wallafa cewa na'urar tana ɓoye ƙarancin oksijin a jikin baƙaƙen fata kusan ninki 3 a kan farare. Wato ta yiwu ainihin lambar ma ba ta kai 79 ɗin ba.

A asibiti aka sa masa robar oksijin a hanci, ba ta isa ba, aka canza zuwa abin rufe hanci da baki mai jaka a ƙasa, aka murɗa zuwa lita 15 a minti. Aka zura masa tsinken gwaji a hanci aka ce sakamako sai an kira mu. Kwana 3 ya ɗauka. A kwanakin nan a wani ɗakin gefe aka ajiye shi, ni kuma aka bar ni kusa da shi da takunkumi biyu, wannan karon a kan hanci. A nan likitar ta zo da hoton sikanin ƙirjinsa. Yarinya ce, ba ta fi ƙanwata ba, idanunta duk sun faɗa don rashin barci. Ta ɗaga hoton a jikin taga.

A irin wannan hoto, huhu mai lafiya baƙi yake fita, domin iska ce cike da shi. Na Baba kuwa, gefe-gefensa da ƙasansa, dama da hagu, wani fari-fari ne ya lulluɓe, kana hango jijiyoyi ta cikinsa dishi-dishi, sak yadda ake hango Dala da safiyar hazo. Can ƙasa ta wajen baya kuma farin ya yi kauri, ba ka hango komai. Ta ce tun kafin sakamako ya fito, ita ta san wannan hoton, ta gan shi ya fi a ƙirga.

Baba ya ɗaga abin da ke fuskarsa ya ce, "'Yata, wannan farin mene ne?"

Ta ce, "Baba, wurin da iska ya kamata ta zauna ne ruwa ya shiga. Nan ƙasan kuma ya cushe, ya yi tauri."

Ya yi shiru yana kallo. Sannan ya juyo gare ni. "Ticha, ka gane? Hanta ya koma. In aka jefa shi a baho, ƙasa zai yi."

Likitar ta tsaya tana dubansa. Ta ce ai su ma a karatunsu haka ake kiran abin. Tun fiye da shekara 200 da suka wuce likitocin Turai masu feɗe gawa suka raɗa wa huhun da ya cushe suna da kalmar da ma'anarta ke nan, komawa hanta. Ciwon shanun da Baba ya sani daban ne, ƙwayar cutarsa daban, amma ƙarshen huhun kusan guda ne. Baba ya mayar da abin fuskarsa, kuma na rantse har wani ɗan alfahari na gani a idonsa.

A daren nan, ina zaune a kan benci ina sauraron kukan silinda, na koma kan darasin da nake koyarwa kamar ban taɓa jin sa ba. Maƙogwaro yana rabuwa biyu, kowane ya sake rabuwa, ya sake, sau 20 da 'yan kai, kamar rassan tsamiya, har a kai ga wasu 'yan jakunkunan iska da ido ba ya gani. Miliyan 300 zuwa 500 ne a ƙirjin mutum ɗaya. Da za a shimfiɗa su, za su rufe tsakar gida mai kamar mita 7 a 10. Kowace jaka siraran jijiyoyin jini sun naɗe ta, kuma bangon da ke tsakanin iska da jini bai kai kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita ba. Silin gashi ya fi shi kauri fiye da sau 50. Ta wannan bangon kowane numfashi ke wucewa, sau 20,000 da wani abu a yini. Ni dai a aji lambobi ne da ake ci maki da su.

A jikin bangon akwai wasu ƙwayoyin halitta masu aiki biyu. Su ke fitar da wani ruwa mai santsi kamar na sabulu da ke hana jakar mannewa in an fitar da numfashi. Wanda ya taɓa fama da jiƙaƙƙiyar leda yana neman bakinta ya san abin da nake nufi. Su ne kuma magina, in bango ya tsage su ke hayayyafa su toshe. To su ɗin ne ke ɗauke da wata 'yar kafa a jikinsu da ake kira ACE2, kuma ƙayoyin da ke jikin ƙwayar korona, waɗanda kowa ya gani a hoto, mabuɗin wannan kafa ne. Ƙwayar ta shiga, ta mayar da su masana'antar buga 'ya'yanta, su mutu. Ka ga ta kashe mai sabulu, ta kashe magini, a bugu ɗaya. Jakunkuna su fara mannewa, bango ya fara yoyo ba mai gyara.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi, na gaske. Mafi munin ɓarnar daga garkuwar jikin mutum take zuwa. Sojojin jiki suna jin labari sai su yi ca a kan huhu, su saki sinadaran da ke buɗe jijiyoyin jini don 'yan'uwansu su samu hanya. A wasu mutanen, musamman tsofaffi da masu sukari da masu ƙiba, wannan kiran ba ya tsayawa ko da ƙwayar cutar ta fara ƙarewa. Kamar 'yan kwana-kwana ne a gidan ƙasa: wuta a ɗaki ɗaya take, amma ruwan da aka yi ta antayawa shi zai zubar da katangar. Ruwan jini ya tsattsafo cikin jakunkunan, ya haɗu da gawarwakin ƙwayoyin halitta, ya kwanta a jikin bango ya yi yana, irin wadda ke kwanciya a saman koko in ya huce. Oksijin ya zo ya tarar da yana, ya tsaya. Wannan hali likitoci ke kira ARDS, kuma ba korona ce ta kawo shi duniya ba; tun 1967 wasu likitoci a birnin Denba na Amurka suka bayyana shi a kan marasa lafiya 12. Mura mai tsanani tana kawo shi, mummunan haɗari ma yana kawo shi. Korona dai ta kawo shi ga dubban mutane a lokaci guda.

Akwai kuma ɓangaren jini, wanda ya fi ba likitoci mamaki. Cikin jijiyoyin ma yana ƙujewa, jini ya riƙa daskarewa ƙanana-ƙanana yana toshe su. A watan Mayun 2020 wasu masana suka duba huhun mutum 7 da korona ta kashe, suka kwatanta da na waɗanda mura mai tsanani ta kashe, suka tarar da irin wannan toshewar ta ninka sau 9 a na korona. Sai abin ya zama kasuwar saɓani: a wata rumfar mai kaya ya zo babu mai saye, iska ta shiga jaka amma jini bai iso ba, a wata kuma mai saye ya zo rumfa a rufe, jini ya wuce ta jikin jakar da ruwa ya cika ya koma zuciya hannu rabbana. Shi ya sa kullum ake yi wa Baba wata 'yar allura a fatar ciki don tsinka jini.

Da sakamako ya fito aka mayar da shi ɗakin killacewa, ni kuma na koma gindin wata darbejiya da ke fuskantar tagarsa, tare da sauran masu jinya. Aikinmu ɗaya ne, silinda. A yadda ake ba shi, babbar silinda ba ta kai mu awa 8. Na koyi karanta agogon da ke kanta daga nesa, na koyi lambar masu Keke Napep da ke yarda su ɗauko ta da tsakar dare. Ba zan faɗi abin da muka kashe ba. Yayyena sun sayar da shanu biyu da suka ajiye don azumi. Wani bawan Allah da muke raba tabarma da shi, mahaifiyarsa ta rasu a daren da motar oksijin ta makara. Da asuba ya naɗe tabarmar ya bar mini butarsa.

Rigimar da muka fi sha da Baba ba ta allura ba ce, ta kwanciya ce. Likita ta ce ya riƙa kwanciya rub da ciki na sa'o'i. Ya ce atafau, shi ladan, ya san an hana wannan kwanciyar, ba zai je ga Allah a kife ba. Ƙanwata ta yi lallashi ta waya, ya ƙi. Sai da na kira limaminmu, na haɗa su, na ji muryarsa ta taga yana cewa, "Malam, lalura ce, kuma umarnin likita a nan shi ne abin bi. Ka kife, Allah ya ba da lafiya." Sannan likitar ta bi ta inda ya fi ganewa. Ta ce, "Baba, in kun buɗe ƙirjin rago, ina huhu ya fi yawa, gaba ko baya?" Ya ce baya mana, a jikin gadon baya yake kwance, gaba ai zuciya ce. Ta ce to in mutum ya kwanta rigingine, zuciya da kayan ciki a kan wannan bayan suke sauke nauyinsu, ruwan ma can yake gangarawa. In ya kife, sai wurin ya samu sarari ya buɗe. Ya kife. Cikin abin da bai kai awa ɗaya ba lambar ta tashi daga 86 zuwa 92. Nas ɗin da ke ciki ta rubuta a takarda ta manna mini a gilashi.

Maganin da ya fi yi masa aiki kuwa, da na ji sunansa sai da na yi dariya cikin kuka. Deksametason, ƙwayar da ke kowane kemis, irin wadda wasu 'yan mata ke sha don su yi ƙiba. Ba ta kashe ƙwayar korona ko ɗaya. 'Yan kwana-kwanan take cewa su rage ruwa. A watan Yunin 2020 wani babban gwaji da jami'ar Oksfod ta jagoranta a Ingila ya nuna miligiram 6 a rana, har zuwa kwana 10, yana rage mutuwa da kashi ɗaya cikin 3 ga waɗanda ke kan na'urar numfashi, da kashi ɗaya cikin 5 ga waɗanda ke kan oksijin kawai. Ga wanda bai kai ga buƙatar oksijin ba kuwa ba ta amfana masa komai, tana ma iya cutarwa, tunda a lokacin jiki yana buƙatar sojojinsa. Ina faɗin wannan ne don na san halinmu da kemis. Shi kansa Baba sai da ta hautsina masa sukari, aka koma yi masa allurar insulin. Ina yawan tunanin dattawan Afrilun 2020, da suka kwanta wata biyu kafin a san wannan.

Bai kai ga na'urar numfashi ba, kuma na gode wa Allah, don likitar ta gaya mini gaskiya cewa ita na'urar ba ta warkar da huhu, aron lokaci kawai take yi masa, kuma iskar da take turawa da ƙarfi kan iya ƙara yaga abin da ya riga ya yi rauni. A kwana na 8 aka rage zuwa lita 10, sannan 6, sannan aka dawo da robar hanci. Kwana 19 ya yi.

Mun ɗauka fitowa asibiti ita ce warkewa. Daga ƙofar gidanmu zuwa masallaci taku 60 ne da 'yan kai, ni na ƙirga, don sai da ya wata biyu kafin ya iya yin su ba tare da ya dafa katanga ba. Alwala ma sai ya huta tsakanin hannu da ƙafa. Huhu yana gyara kansa, maginan da suka tsira suna hayayyafa su sake shimfiɗa bango, ruwan ya tsotse, yanar ta narke. Amma inda ɓarnar ta yi zurfi, jiki ba ya tsayawa gini mai kyau, cikewa yake yi da tabo, irin na ƙuna, mai kauri, marar miƙewa. Hoton da aka sake ɗauka bayan wata 6 ya nuna hazon ya washe, sai wasu zare-zare farare a ƙasan huhun dama da hagu. Baba ya duba ya ce wannan jijiya ce, irin wadda ko an kwana ana dafawa ba ta laushi. Likitar ta ce mutane da yawa suna ci gaba da samun sauƙi har shekara guda ko fiye, wasu kuma tabon yana zama. Nasa ya ragu, bai tafi duka ba. Da allurar rigakafi ta iso Najeriya a watan Maris na shekarar, shi ya riga ni zuwa layi, duk da surutun da ake yi a majalisa.

Sai bayan babbar salla ya koma kiran salla, magariba kawai. Ranar farko ina tsakar gida na ji ya ɗauko "Hayya alal falah", ya kai tsakiya, ya yanke, ya ja iska, ya ƙarasa. Inna tana tankaɗe, ta ajiye rariyar ta shige ɗaki. Har yau a nan yake yankewa, wuri ɗaya, har yaran layi na yanzu sun ɗauka haka kiran yake. Asuba ya bar wa wani matashi, saboda sanyin safiya yana tayar masa da tari, kuma kullum sai ya yi ƙorafin yaron yana sauri kamar ana korarsa.

'Yar na'urar nan ƙanwata ta bar masa ita. Tana aljihun gaba na rigarsa tare da carbi da asuwaki, ni ke saya mata batir. Makon jiya na raka shi dubiyar wani abokinsa, tsohon mahauci shi ma, da ya kwana 5 yana zazzaɓi da tari. Muka zauna, aka gaisa, Baba ya ce ya jiki.

"Da sauƙi, Malam."

Baba ya sa hannu a aljihu. "Haka ne. Kawo yatsan."